Ciwon gefen haƙarƙari: Yadda ake bambance na tsoka da wanda ba ya jiran gobe

Akwai wani ciwo da da wuya a samu gidan da ba a taɓa kuka da shi ba. Mutum ya dawo daga nema da 'yar gajiyar da ya saba, ya kwanta lafiya lau, da asuba ya yunƙura zai tashi sai ya ji kamar an caka masa tsinke a gefen haƙarƙari. Ya ja dogon numfashi ya kasa ƙarasawa. Tari ya taso masa sai ya dafe wurin da hannu biyu. Juyi a kan katifa ya zama aiki, dariya kuwa sai ya roƙi a daina ba shi.

A irin wannan hali jama'a kan kasu gida biyu. Akwai waɗanda hankalinsu ke tashi nan take, musamman idan ciwon a ɓangaren hagu yake, su yanke wa kansu hukuncin ciwon zuciya. Akwai kuma masu cewa gajiya ce kawai, su aiki yaro kemis ya karɓo musu haɗi, su sha su koma bakin aiki. Kowanne yana da rabonsa na gaskiya. Sau da yawa, ga mai jini a jika da ya yi aikin ƙarfi, tsokar da ke tsakanin haƙarƙari ce ta ji rauni, kuma takan warke da kanta cikin 'yan makonni. To amma a bayan wannan haƙarƙarin ne zuciya da huhu da hanta da saifa suke fakewa, kuma ciwonsu kan yi shigar burtu ya zo da kamannin ciwon tsoka. Abin da iyali ke buƙata shi ne su san yadda ake bambance biyun, sannan idan ta tabbata tsoka ce, su yi jinyar da ba za ta haifar da wata sabuwar cuta ba.

Abin da ke tsakanin haƙarƙari

Ɗan Adam yana da ƙasusuwan haƙarƙari 24, wato 12 a dama, 12 a hagu. Dukkansu suna manne da ƙashin baya. Ta gaba kuwa, 7 na sama a kowane gefe suna haɗe da ƙashin ƙirji ta hanyar guringuntsi, 3 da ke biye da su suna rataye ne a guringuntsin na samansu, 2 na ƙarshe kuma ba su kai gaba ba, a sake suke. Tsakanin kowane ƙashi da na ƙasansa akwai rata, guda 11 a kowane gefe, kuma kowace rata cike take da tsoka mai hawa 3 wadda zarenta ya gicciya juna kamar saƙar tabarma. A ƙasan kowane ƙashi akwai jijiyoyin jini da kuma jijiyar da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa.

Aikin waɗannan tsokoki shi ne ɗaga haƙarƙari da sauke shi yayin numfashi, suna taimaka wa babban tantanin tsokar da ya raba ƙirji da ciki. Su ne kuma ke riƙe ƙirji ya tsaya da kyau idan mutum ya murɗa jiki ko ya ɗaga kaya. Baligi da ke zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, abin da ya kai wajen sau 20,000 a yini da dare. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon wurin yake da naci. Idan ƙafa ta yi targaɗe sai a ɗora ta a kan matashi ta huta. Tsokar haƙarƙari kuwa ba ta da hutu ko a cikin barci.

Likitoci kan kasa raunin tsoka mataki 3. A na farko zaren tsokar ya miƙe ne fiye da kima, ƙalilan daga ciki suka tsinke. Wannan kan lafa cikin kwanaki zuwa mako 2 ko 3. A na biyu wani sashe na tsokar ya yage, ana iya ganin kumburi ko wurin ya yi duhu saboda taruwar jini, kuma yakan ɗauki wata guda zuwa wajen wata biyu. Na uku shi ne tsokar ta tsinke gaba ɗaya, ba kasafai yake faruwa ba, kuma aikin asibiti ne.

Daga Mil 12 zuwa madafa

Hanyoyin da tsokar ke jin rauni biyu ne: ko dai fizga ɗaya mai ƙarfi, ko kuma maimaita aiki iri ɗaya har tsokar ta gaji ta sare. Duk wanda ya san yadda 'yan uwanmu ke neman halaliyarsu a biranen Kudu ya san duka biyun suna nan. Ɗan dako a kasuwar Mil 12 da ke Legas yana sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga kan tirela, yana karɓa daga sama yana murɗa jiki yana miƙawa. A Bodija ta Ibadan buhunan wake da masara ne. A wuraren gini buhun siminti kilo 50 ne ake cillawa a kafaɗa. Mai ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki, kowace jarka mai lita 25 nauyinta ya kai kilo 25, sannan ya ɗauki biyu a hannu ya hau da su bene. Mahauci a mayankar Oko-Oba da ke Agege yana kokawa da sa kafin a kayar da shi, sannan ya yini yana sara da gatari. Duk waɗannan ayyuka sun haɗa nauyi da murɗa jiki, kuma haɗuwar biyun ce tsokar haƙarƙari ta fi tsana.

A cikin gida ma ba a tsira ba. Uwargida da ke dakan sakwara ko tuƙa tuwon taro da muciya, ko jan guga, ko ɗauko yaro daga ƙasa ta gefe alhali tana goye da wani, duk tana iya gamuwa da shi. Maigida kuma sau da yawa igiyar janareta ce ke yi masa, idan ta cije ya fizge ta da ƙarfi ba shiri. Ga samari akwai ƙwallo da dambe da ɗaga ƙarfe, musamman wanda ya daɗe bai yi ba ya tashi rana ɗaya yana son ya kamo abokansa. Masu aikin ofis da direbobin dogon zango su ma sukan yi kuka da shi saboda dogon zama a karkace yana raunana tsokar, sai ƙaramin yunƙuri ya isa ya ji mata ciwo.

Akwai kuma sanadin da ba a cika kawo shi a rai ba, wato tari. Duk tari ɗaya matsa ce mai ƙarfi ga tsokar haƙarƙari. Wanda ya yi mako guda yana fama da tarin hunturu, ko mai asma, ko mai shan sigari da shisha, yana iya yaga tsokar ba tare da ya ɗaga ko da bokiti ba. A jikin tsofaffi da ƙashinsu ya yi rauni, tari mai tsanani yana iya tsaga ƙashin haƙarƙarin kansa.

Alamomin da ke nuna tsoka ce

Babbar alama ita ce mutum yana iya nuna wurin da yatsa ɗaya ko biyu, ya ce nan ne. Idan aka danna tsakanin ƙasusuwan sai ya zabura, domin irin zafin da yake kuka da shi ne aka taso. Ciwon yana bin motsi: yana ƙaruwa idan an juya, an miƙa hannu sama, an sunkuya, an yi tari ko atishawa ko hamma, yana kuma lafawa idan an zauna shiru. Galibi mutum zai iya tuna abin da ya yi jiya ko shekaranjiya da ya jawo shi, ko da yake wani lokaci zafin ba ya bayyana sosai sai bayan an kwana. Wurin kan ɗaure kamar an ja igiya, wani lokaci da ɗan kumburi.

Abu mafi muhimmanci shi ne sauran jiki lafiya lau yake. Babu zazzaɓi, babu gumi mai sanyi, babu jiri, cin abinci bai canza ba. Mutum yana taƙaita numfashi ne saboda tsoron zafi, amma iskar tana isarsa, yana iya magana ya ƙarasa zance ba tare da haki ba.

Akwai wani ɗan uwan wannan ciwo da ke kama guringuntsin da ya haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji ta gaba. Shi ma yana zafi idan an danna, yana tsorata mutane ƙwarai saboda kusancinsa da zuciya, kuma jinyarsa kusan ɗaya ce da ta tsoka.

Sai dai a kula da abu guda. Jin zafi idan an danna wurin yana ƙarfafa zaton tsoka ce, amma bai wanke zuciya ba. Mutum yana iya samun duka biyun a lokaci ɗaya. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ko ciwon suga, ko yake shan taba, ko aka taɓa samun ciwon zuciya a danginsa, kada ya yanke wa sabon ciwon ƙirji hukunci a gida. Ya bari likita ya duba.

Wanda ba ya jiran gobe

Idan ciwon ƙirji ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan, a nufi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne:

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora dutse, musamman idan yana tafiya zuwa hannu, ko kafaɗa, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko baya, tare da gumi, tashin zuciya ko jiri. Wannan shi ne salon bugun zuciya. A jikin mata da tsofaffi da masu ciwon suga yakan zo a ɓoye, da gajiya mai yawa ko haki ko abin da ya yi kama da ƙwannafi.

Ciwon da ke tasowa idan an yi sauri ko an hau bene, ya lafa idan an tsaya, ba tare da wurin yana zafi in an taɓa ba.

Ƙarancin numfashi na gaske, inda mutum yake haki yana zaune, ko leɓɓansa suka canza launi.

Tari da jini, ko zazzaɓi mai zafi da kaki ruwan ɗorawa ko kore. Wannan na iya zama nimoniya, wadda ita ma a Hausa wasu ke kira ciwon haƙarƙari, kuma wannan haɗuwar suna na cikin abin da ke rikita mutane.

Suka a ƙirji da haki da suka zo kwatsam bayan doguwar tafiya a zaune, kamar daga Kano zuwa Legas ko Fatakwal, ko bayan haihuwa, ko tiyata, ko doguwar kwanciyar jinya, musamman idan ƙafa ɗaya ta kumbura. Gudan jini ne ake tsoro ya taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu.

Ciwon da ya biyo bayan hatsarin babur ko mota, ko faɗowa daga sama, ko naushin sa. Karyayyen ƙashi yana iya huda huhu, kuma ƙasusuwan ƙasa su ne suka rufe saifa ta hagu da hanta ta dama. Wanda ya bugu a nan sannan ya fara ciwon ciki, ko jiri, ko ciwo a ƙarshen kafaɗa, yana iya kasancewa jini ne ke zuba a ciki.

Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, a Legas kuma akwai 767. Mai irin waɗannan alamomi kada ya tuƙa kansa, a samu wanda zai kai shi.

Akwai kuma waɗanda ba na gudu ba ne amma suna buƙatar ganin likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Tarin da ya kai mako 2, da gumin dare da rama, a je a gwada tarin fuka. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Raɗaɗi kamar ƙuna a gefe ɗaya da ya biyo layin haƙarƙari, fata tana zafi ko riga ce ta taɓa ta, sannan bayan 'yan kwanaki ƙuraje masu ruwa su fito a jere, ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta daɗe kwance a jijiya ta farfaɗo, kuma maganinta ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 3 da fitowar ƙurajen. Ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama bayan cin abinci mai maiƙo yana iya zama tsakuwar matsarmama. Ciwo ta baya a ƙasan haƙarƙari da zazzaɓi da zafin fitsari kuwa ƙoda yake nunawa.

Yara, masu juna biyu da masu sikila

Waɗannan rukuni uku ba a yi musu zaton tsoka kai tsaye. Ƙaramin yaro da ke tari, abin dubawa shi ne numfashinsa. A buɗe rigarsa lokacin da ya natsu a ƙirga na minti ɗaya cur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyaka: daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye a minti ya yi sauri, daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Idan kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki lokacin da yake jan numfashi, ko ya kasa shan nono, a kai shi asibiti nan da nan. Ba man zafi yake buƙata ba.

Mai juna biyu a watannin ƙarshe takan ji ciwon haƙarƙari saboda mahaifa ta taso tana tura su, jariri kuma yana shuri. Wannan ba abin tsoro ba ne, zama a miƙe da sa tufa mai sakewa yana rage shi. Amma ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama ko a saman ciki, tare da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, alama ce ta hawan jinin masu ciki wanda ke kai wa ga jijjiga. A auna jininta a ranar, kada a jira ranar awo.

Mai sikila kuwa, ciwon ƙirji da zazzaɓi ko tari ko haki na daga cikin mafi haɗarin abin da ke samunsa. Ba a jinyarsa a gida.

Jinya a gida

Idan babu ko ɗaya daga alamomin da aka lissafa, kuma sanadin a bayyane yake, ga abin da ke taimakawa.

A kwana 2 na farko sanyi ake sawa. A naɗe ƙanƙara a cikin tsumma ko tawul, ko ledar fiya wata da ta daskare, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a yini. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata. Bayan kwana 2 ko 3 sai a koma gashi da ruwan ɗumi, wanda ke sassauta tsokar da ta ɗaure. Mutane da yawa suna fara gashi da ruwa mai zafi tun daren farko, alhali a lokacin zafi yana iya ƙara kumburi.

A dakatar da aikin da ya jawo ciwon, amma kada a kwanta a gado yini guda. Tafiya a hankali cikin gida ko unguwa tana taimaka wa huhu ya buɗe. Da dare a jingina da matashi biyu ko uku a 'yan kwanakin farko, domin tashi daga kwance ne ya fi wahala. Wanda ruku'u da sujada suka gagare shi, addini ya yi masa rangwamen yin salla a zaune har ya samu sauƙi.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne numfashi. Saboda zafi, mai ciwon yakan koma shan iska sama-sama, ya kuma danne tari. Idan aka ɗauki kwanaki a haka, ƙasan huhu ba ya buɗewa, majina ta taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ƙaramin ciwon tsoka ya rikiɗe ya zama nimoniya. Don haka a kowace awa a rungume matashi a kan wurin, a ja numfashi a hankali har ƙirji ya cika, a sake shi a hankali, kamar sau 10. Idan tari ya zo a matse matashin a yi shi, kada a haɗiye.

Maganin rage zafi yana da amfani, domin shi ke ba mutum damar yin wannan numfashi. Farasitamol ne na farko: baligi yana shan ƙwaya 1 ko 2 mai miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 tsakani, kuma kada a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. A lura cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a cikinsu, kuma wuce kima yana lalata hanta. Ibufurofen da dikulofenak suna rage kumburi, amma ana shan ɗaya ne daga ciki, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki kawai. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai hawan jini, mai asma da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki.

Kurakuran da ke mayar da ƙaramin ciwo babba

Na farko shi ne ɗaure ƙirji tamau da rawani ko zane ko bandeji. Gaskiya ne yana rage zafi, domin yana hana haƙarƙari motsi. To amma motsin nan shi ne numfashi. A da can asibitoci ma suna ɗaure ƙirjin wanda ya karye a haƙarƙari, daga baya aka daina saboda an ga yana jawo ciwon huhu. Yau ko karaya ce ba a ɗaurewa, ana ba da maganin zafi ne a bar ƙashin ya haɗe da kansa cikin kimanin mako 6.

Na biyu shi ne haɗin kemis, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda ba suna ba kwali. Sau da yawa akwai magungunan kumburi biyu ko uku iri ɗaya a ciki, kuma taruwarsu ce ke huda ciki ko ta taɓa ƙoda. Duk maganin da za a sha, a san sunansa. Allura ma ba ta fi ƙwaya warkar da tsoka ba, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba shi da aikin yi a nan.

Na uku shi ne tiramadol da maganin tari mai kodin. Masu aikin ƙarfi da yawa sun fara shan tiramadol ne daga irin wannan ciwo, don su iya fita aiki, daga nan ya zama jiki ba ya motsi sai da shi. Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a shekarar 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Ban da jaraba, waɗannan magunguna suna rage ƙarfin numfashi, wanda shi ne abin da ake son kiyayewa.

Na huɗu shi ne tausa mai ƙarfi, ko a sa yaro ya taka bayan mutum, ko a kai wa mai ɗori ya ja ya murɗa. Tsokar da ta yage ba ta goce ba balle a mayar da ita, kuma idan akwai tsagewar ƙashi a ƙasa, matsawa na iya ƙarasa shi. Tsaga da ƙaho a kan wurin su ma ba sa ɗinke tsoka, sai dai su ƙara rauni a fata.

Wanda in bai fita ba ba a ɗora tukunya

Faɗin a huta abu ne mai sauƙi ga mai albashi. Ɗan dako da mai ga-ruwa da lebura kuwa, abin da suka samo yau shi za a ci yau, a kuma aika wani abu gida. Wannan ne ya sa da yawa ke danne ciwon da ƙwaya su koma ƙarƙashin buhu. Amma lissafin ba ya fita. Zafi shi ne mai gadin tsoka. Idan aka rufe masa baki aka ci gaba da ɗaukar kaya, raunin da zai warke cikin kwana 10 sai ya koma na wata 2. Hutun kwana 3 da aka ƙi yi shi ke zama zaman makonni na dole.

Akwai tsaka-tsaki. Kwana 2 ko 3 na farko a ajiye kaya gaba ɗaya. Bayan haka a nemi aikin da ba ya buƙatar ɗagawa da murɗawa, kamar tsaron kaya, ƙirga buhuna, tsintar tumatir ko jiran shago. Idan aka koma dako a fara da rabin abin da aka saba, a yi amfani da baro inda zai yiwu, a yi ɗaukar mutum biyu. Ma'aunin komawa cikakken aiki shi ne mutum ya iya jan dogon numfashi, ya yi tari, ya juya dama da hagu ba tare da suka ba, kuma ba da taimakon ƙwaya ba.

A nan shugabannin 'yan dako da sarakunan kasuwa da iyayen gida suna da rawar takawa. Sauya wa yaro aiki na mako guda, ko ware wani abu daga asusun ƙungiya don wanda ya ji ciwo, ya fi araha a kan a rasa shi wata biyu. A gida ma haka: uwargida da haƙarƙarinta ke ciwo a ɗauke mata daka da jan ruwa da wanki na 'yan kwanaki, kada a ce ai tana tafiya da ƙafarta.

Idan an je asibiti

Likita zai tambayi yadda ciwon ya fara, ya danna wurin, ya saurari huhu da zuciya, ya auna jini da yawan iskar da ke cikinsa. Idan ya ga dama zai sa a yi gwajin bugun zuciya ko hoton ƙirji. Hoton ba ya nuna tsoka, ana yin sa ne don a tabbatar huhu da ƙashi lafiya suke. Saboda haka idan aka ce hoto bai nuna komai ba, ba ana nufin ƙarya mutum yake yi ba, albishir ne. Wanda ciwonsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akan tura shi sashen gashi da motsa jiki.

Ko da an fara jinya a gida, a je asibiti idan mako guda ya wuce babu alamar sauƙi, ko ciwon yana ƙaruwa, ko yana tada mutum daga barci ba tare da ya motsa ba, ko zazzaɓi ya shigo daga baya.

Kafin ya sake dawowa

Tsokar da ta taɓa rauni tana saurin sake yi idan ba a canza hali ba. Wajen ɗaga kaya a durƙusa da gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki, a tashi da ƙarfin cinya. Idan za a juya a juya da ƙafa gaba ɗaya, kada a kafe ƙafa a murɗa ƙugu. Mai ɗaukar kaya a kafaɗa ko a hannu ya riƙa sauya gefe. Da sanyin safiya, kafin buhun farko ko wasan ƙwallo, a ɗan motsa jiki na minti 5, a ɗaga hannu sama a karkata dama da hagu a hankali. Janareta da ke cijewa a kai shi gyara. Direba da ma'aikacin ofis su riƙa tashi suna miƙe jiki. Tari kuma a nemi sanadinsa tun bai yi nisa ba, a rage zama cikin hayaƙin itace da na janareta, mai shan taba ya nemi hanyar bari.

Ciwon da za ka nuna da yatsa, ka san abin da ya jawo shi, yake bin motsi, sauran jiki kuma lafiya, a ba shi sanyi, sannan ɗumi, da hutu da dogon numfashi. Wanda ya zo da haki, ko gumi, ko zazzaɓi, ko jini, ko nauyi a ƙirji, ko ya kama yaro, mai ciki ko mai sikila, a bar komai a tafi asibiti. Idan kuma aka rasa gane wanne ne daga ciki, a ɗauke shi a matsayin na biyun har sai likita ya ce ba shi ba ne. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.